Yarana Barci da Kallo Kawai Suke Yi a Dogon Hutu, In Sa Su Lesin?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Daga Kano nake. 'Ya'yana uku: babbar shekararta 15, za ta shiga SS3; ƙaninta shekara 10, zai shiga aji biyar na firamare; sai autarmu 'yar shekara 4. Tun da aka ba da dogon hutu ba abin da suke yi sai barci har hantsi, in an kawo wuta su tare a gaban talabijin, sai ɗan karatu jefi-jefi. 'Ya'yan maƙwabta duk an sa su lesin. Babansu ya ce a ƙyale su su huta, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah Ya raya miki zuri'a, Ya sa masu jin ƙanku ne.

In dai raba gardama kike so, maigida ya fi kusa da gaskiya. Ba dole ba ne yaro ya je lesin don kawai an rufe makaranta, kuma barci da kallo su kaɗai ba sa mai da ɗalibi daƙiƙi. Amma damuwarki ba ta banza ba ce, wurin da kika ajiye ta ne kawai nake ganin ba nan ba ne. Ke talabijin kika sa wa ido, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai cikin saƙonki shi ne "ɗan karatu jefi-jefi". A nan za mu daɗe. Bari dai mu fara sallamar barci.

Ki dubi yadda yaron birni yake wuni lokacin da ake makaranta. Ya tashi da asuba, ƙarfe 7 yana hanya, ya dawo wajen 2, ya ci abinci a gurguje ya sa kayan Islamiyya, sai dab da magariba a sake ganinsa. Da dare ga aikin gida na boko, ga hadda. Asabar da Lahadi ma yawancin Islamiyyu da safe suke zama. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana guda, matashi mai 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10, yarinya kamar autarki kuma awa 10 zuwa 13 har da na rana. To ki lissafa: yarinyar da ta kwanta 11 na dare ta tashi 5 na asuba awa 6 ta samu, kuma wata uku tana a haka. In ta samu hutu dole ta yi ramuwa. Makon farko, ko kwana goma, ki bar su su yi sallar asuba su koma, kada ki bi su da faɗa.

Akwai kuma abin da iyaye ke ɗauka lalaci ne a wurin matasa alhali halitta ce. In yaro ya fara balaga, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki da dare don jawo barci, wanda likitoci ke kira melatonin, yana jinkirin fitowa. Shi ya sa za ki ga ƙanin ya ɓingire tun bayan isha'i, yayar kuwa idonta biyu har 11, da safe kuma sai an yi da gaske. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru tana nazarin wannan. Matsalar ba a daɗewa ana barci take ba, a zamewar lokaci take: yau a kwanta 12, jibi 1, mako mai zuwa 2, a tashi azahar. Wannan kam sai kin tare shi, kuma da safe ake tare shi, ba da dare ba. Ba ki isa ki sa barci ya zo wa mutum ba, amma kin isa ki buɗe taga ki ce ƙarfe 8 kowa ya fito karin kumallo. In lokacin tashi ya tsaya wuri guda, na kwanciya shi zai gyara kansa.

Abu ɗaya kawai zan ja hankalinki a kai. Hutun nan a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin sauro. Yaron da ya yi barcin awa goma ya tashi yana ta kasala, ba ya son abinci, jikinsa na ɗumi da yamma, ko cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, wannan ba gajiyar makaranta ba ce. A kai shi a gwada jininsa.

Yanzu tsoron da ke sa iyaye biyan kuɗin lesin: kada yaro ya manta abin da ya koya. Tsoron yana da tushe, amma an zuzuta shi. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa a Amurka suka tattara binciken da aka yi a baya kan dogon hutu, suka ce a matsakaici yaro yana komawa baya da kimanin karatun wata guda. Asarar ta fi yawa a lissafi da haɗa baƙaƙen kalma daidai. A iya karatu kuwa abin ya rabu biyu: 'ya'yan gidajen masu hali sun tsaya inda suke ko sun ɗan ƙaru, na marasa hali suka ja baya. Daga baya, a 2019, Paul von Hippel na Jami'ar Texas ya sake duba batun da sababbin gwaje-gwaje ya ga tazarar ba ta kai yadda aka daɗe ana faɗa ba. Ki kuma lura, hutun 'yan Amurka ya kan kai wata biyu da rabi, namu a Najeriya daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba mako shida ne ko bakwai. 'Yan uwanmu na Nijar, da sai Oktoba suke komawa, su suka fi mu dalilin damuwa.

Abin da ya rage bayan an tace gardamar malaman nan, duk wanda ya taɓa hadda ya san shi. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa a riƙa bibiyar Alƙur'ani, don ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Mahaddaci ba ya tsare haddarsa da zaman awa shida rana ɗaya a mako; kullum yake ɗan tilawa. Jadawalin sau da rabawa ma haka yake. Minti goma kullum ya wadatar da ɗan aji biyar, kuma ba sai da littafi ba. Ki aike shi shago da dubu biyu, ki sa ya faɗa miki canjin da zai dawo da shi tun kafin ya fita. Ki ce mudun shinkafa kaza ne, nawa ne mudu uku da rabi? In ya tsaya yana ƙirga da yatsu a kan 7 sau 8, kin gano aikin da za ku yi a hutun.

Shi kuma lesin ɗin da ake rububi, sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Na shiga irin azuzuwan nan ba sau ɗaya ba. Ɗaki guda ne, an haɗa 'yan aji uku da 'yan aji biyar don yaran ba su cika aji ba, malami ya rubuta darasin zango mai zuwa a allo, a kwafa, a tashi 12. In an koma hutu a sake maimaita darasin nan dai saboda waɗanda ba su zo ba. Ba na zargin malaman. Wasu makarantun kuɗi ba sa biyan albashin watan hutu, da kuɗin lesin malami zai ciyar da gidansa. Amma ke a matsayinki na mai biya, ki san abin da kike saye. Lesin yana da amfani in an san ramin da za a cike: wance ba ta gane lissafin aljabara ba, wane bai iya karatu ba, ga malami guda da yara ƙalilan, ga abin da ake so su iya nan da mako huɗu. In ba haka ba, abin da ake saye shi ne kwanciyar hankalin uwa da kuma fitar da yara daga gida na rabin wuni. Wannan ma buƙata ce, ban raina ta ba, musamman ga matar da ke fita aiki. A dai kira ta da sunanta.

Mu dawo kan karatu. Kafin ki tambayi ko awa nawa ɗanki yake karatu, ki fara tabbatar da cewa ya iya. Kada ranki ya ɓaci da wannan magana. A rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Da yawansu suna zuwa makaranta kullum, suna da yunifom da jaka, wasu har na biyar ko na shida suke zuwa a aji. Yaro mai kaifin kai yana iya haddace abin da aka rubuta a allo ya zuba a jarrabawa shekara da shekaru ba a gane ba. Irin wannan yaro in aka ce ya ɗauki littafi zai ɗauka, ya zauna ya yi shiru, ya juya shafi, uwa ta ga yana karatu. Da an kawo wuta kuwa ya tashi, kuma ba laifinsa ba ne. Ba wanda ke son zama da abin da ba ya ba shi komai.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ba sai malami ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tun 2005 take bin gida-gida tana yin irinsa. Ki samo littafin da bai taɓa gani ba, na matakin aji biyu ko uku, ba na ajinsa ba. Ki zauna kusa da shi ku biyu, ba a gaban yayarsa ba, ba a gaban babansa ba. Ki ce ya karanta miki shafi guda a bayyane. Ki saurara: yana tafiya ne kamar mai magana, ko kalma-kalma yake tsinta yana tsayawa? In ya iso kalmar da bai sani ba, yana ƙoƙarin haɗa baƙaƙenta, ko sai ya dubi hoto ya yi canke, ko ya ɗago ya dubi fuskarki? Ki ƙirga a zuci. In ya yi tuntuɓe fiye da sau biyar a shafi ɗaya, littafin ya fi ƙarfinsa. In ya gama ki rufe littafin ki ce, to ba ni labarin. Wa ya yi me? Don me ya yi? Ki yi wannan da Hausa, washegari ki yi da Turanci. Za ki iya tarar da yaron da ke rera Turanci tiryan-tiryan amma bai san abin da ya faɗa ba, ko wanda ya fahimci komai in an karanta masa amma shi ba ya iya fitar da shi daga takarda. Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban. Na farko kalmomi ne ba shi da su, yana buƙatar a yi ta hira da shi a kan abin da ya karanta. Na biyu sai an koma da shi kan sautin baƙaƙe da yadda ake haɗa gaɓa, ba, bi, bu, ba tare da an kunyata shi ba.

In gwajin ya nuna akwai matsala, to kin samu aikin hutun gaba ɗaya, kuma a nan ne kuɗin lesin zai yi rana: malami guda, ko ɗalibin kwalejin ilimi da ke unguwarku, minti arba'in kullum a kan karatu kawai. Ki fara da Hausa. Rubutunmu yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yana kama shi cikin makonni, kuma wanda ya gane yadda baƙi ke zama sauti a harshensa ba ya sake koyon wannan daga farko in ya juya Turanci. Shirye-shiryen koyar da karatu da aka yi a makarantun gwamnati na Bauchi da Sakkwato da Katsina da Zamfara a shekarun baya duk a kan wannan tushe aka gina su. Na san akwai makarantun da ke cin tarar yaro in ya yi Hausa. Wannan dokarsu ce a harabarsu, ba ta bi shi har ɗakin uwarsa ba.

In kuwa ya haye, alhamdu lillahi, sai ki sakar masa mara a kan abin da zai karanta. A nan iyaye da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle: sai su ce karatu shi ne littafin makaranta, labari kuwa wasa ne. Ai labarin shi ne ke sa yaro ya saba da zama da takarda. Yaron da ya cinye littattafan labari biyar a hutu ya gamu da dubban kalmomi a cikin jimla, ya koyi riƙe zaren magana mai tsawo a kansa, kuma wannan ne zai yi masa aiki ranar da aka ajiye masa dogon nassi a jarrabawa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam juzu'i uku ne, kuma gajerun labarai ne da za a iya gama ɗaya a zama guda, shi ya sa har yau ban ga abin da ya fi shi dacewa da ɗan shekara 10 ba. A Sabon Gari za ki samu masu sayar da littattafan yara na gwanjo da Turanci, masu hotuna, a kan kuɗin da bai kai na lesin ɗin mako guda ba. Ki tafi da shi ya zaɓa da hannunsa. Ga kuma ɗakin karatu na Murtala Muhammad. Ko sau ɗaya ne a kai su su ga wurin da manya ke zaune shiru kowa da littafi, ba don an tilasta su ba.

Dabarar da na fi ganin tana aiki a gidaje ita ce a ba yaro mai sauraro. Ki ce bayan la'asar shi zai karanta wa auta labari. In akwai kaka a gidan ya karanta mata, ita kuma ta biya shi da tatsuniya. Yaron da ake jira ya karanta yana gyara muryarsa, yana komawa baya in ya yi kuskure don kada a yi masa dariya, ita kuma autar tana ganin yatsa na bin layi daga hagu zuwa dama tun kafin ta shiga aji. Rabin awa ya isa. Sharaɗin kawai shi ne ya zama kullum, kuma kafin a kunna talabijin, ba bayan an kashe ba.

Babbar kuwa lissafinta daban. Wadda za ta shiga SS3 tana da JAMB da WAEC da NECO a gabanta cikin ƙasa da shekara. Ita hutunta ba zai zama hutu zalla ba. Bayan ta rama barci, awa biyu da safe, kwana biyar a mako, ya isa. Amma yadda za ta yi su ya fi yawansu muhimmanci. Yawancin ɗalibanmu karatu a wurinsu shi ne a buɗe littafin rubutu a bi shi da ido, a ja layi, a sake bi. Wannan yana sa mutum ya ji kamar ya sani, don idonsa ya saba da shafin. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta nassi, wasu suka karanta suka rufe suka rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda masu rufewa suka fi tunawa, ko da yake masu maimaitawa sun fi su jin cewa sun iya. Don haka ki saya mata tambayoyin shekarun baya, ta amsa littafi a rufe, sannan ta duba inda ta faɗi ta koma can. In tana ajin adabi, wannan ne lokacin da za ta karanta littattafan da aka sa musu daga bango zuwa bango, maimakon taƙaitawar da ake sayarwa.

Ba ki ambaci waya ba, ni zan ambata. A wurin 'yar shekara 15 talabijin ɗin falo shi ne mafi ƙarancin abin tsoro, don kowa na ganin abin da ke ciki. In tana da waya, ko tana aron taki, ki san cewa littattafan Hausa da ake turawa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma waɗanda ko matar aure sai ta kau da kai. Hanawa gaba ɗaya ba ta cika aiki ba. Ki tambaye ta wanne take bi, ki karanta shafi biyu, ku yi hirarsa. Da dare kuma waya ta kwana a ɗakinki.

To talabijin. Ga auta akwai iyaka bayyananna: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Ga manyan kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa awa biyu, amma a 2016 ta bar ƙayyade adadi guda ga 'yan shekara 6 zuwa sama, ta ce kowane gida ya sa iyakar da ba za ta ci barci da motsa jiki da sauran abin da yaro ke buƙata ba. Ina ganin sun yi daidai. Awa biyu da aka yi da yamma ana dariya tare da uwa ba ɗaya suke da awa biyu daga 11 zuwa 1 na dare ba. Tambayar da za ki riƙa yi ita ce, me kallon nan ya ture?

Mu a nan muna da wata matsala da waɗancan likitocin ba su sani ba: ba uwa ce ke tsara lokacin kallo ba, masu wuta ne. Ana cikin cin abinci ko ana tsakiyar shafi sai fanka ta motsa, yaran unguwa su ɗauki ihun "Nepa!", kafin ki juya an watsar da komai an yi falo. Kuma tun da ba wanda ya san yaushe za a ɗauke, ba mai yarda ya tashi. A haka ake kallon abin da ba a ma so, don dai kada wuta ta tafi a banza. Maganinsa a yanke shawara tun babu wuta. Ku zauna kowa ya faɗi shiri ɗaya ko biyu da yake bi, a san lokacinsu. In wuta ta zo kafin a gama karatu, a sa caji, a yi guga, talabijin ya jira. Kwana uku za a yi ana kumbure-kumbure, daga nan ya zama al'adar gida. Sai dai fa dokar ba za ta tsaya ba in ke da kanki kina barin akwatin a kunne tun safe kina aiki. Talabijin da ke magana ba mai kallonsa yana rage hirar da ake yi da ƙaramin yaro, yana kuma katse masa wasa, kuma a shekarun auta hirar nan ita ce makarantarta.

Abin da ake kallo ma sai kin leƙa. Fina-finan Indiya da na wasu ƙasashe da ake fassarawa da Hausa, muryar ce kawai ta zama tamu, hoton yana nan yadda aka ɗauke shi, kuma wani lokaci barkwancin mai fassarar ya fi hoton nauyi. Ba kowane katun ne aka yi don yara ba. Shirye-shirye masu dogon zango kuma da gangan ake yanke su a inda rai zai biya, don haka kada ki yi mamaki in yaro ya yi rantsuwa cewa wannan ne na ƙarshe sau uku. Ɗan naki kuma, gasar ƙwallon Ingila a watan Agusta take dawowa. In ya fara roƙon zuwa gidan kallo, na rana tare da wani babba da kika yarda da shi, ba na dare ba.

Kuma ana iya sa kallon ya yi wa karatu aiki. A Indiya, Brij Kothari ya sa an riƙa rubuta baitocin waƙoƙin fim a ƙasan allo da harshen da ake rera su, tun ƙarshen shekarun 1990, aka ga masu raunin karatu suna ƙaruwa, don ido ba ya iya ƙin bin rubutun da ya yi daidai da abin da kunne ke ji. In suna kallon shirin Turanci kuma akwai damar kunna rubutun ƙasa da Turanci, a kunna. Ban ce na fina-finanmu ba, wanda Turancinsa wani lokaci sai addu'a. In an gama shiri kuma ki ce wa ɗan naki ba ki gani ba, ya ba ki labari. Tsara abin da ya faru daki-daki, da faɗin dalilin da ya sa wane ya yi kaza, shi ne dai abin da ake nema a insha'i.

Game da ido, kusantar talabijin ba ya kashe ido kamar yadda ake faɗa, amma yaron da kullum sai ya matsa gaba, ko yana ƙanƙance ido, wataƙila dama ba ya hangen nesa; a kai shi a auna kafin a koma makaranta. Abin da bincike ya nuna yana kare idon yara shi ne fita waje. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na wasa a waje kowace ranar makaranta har shekara uku. A sakamakon da aka buga a 2015, kimanin kashi 30 cikin 100 ne suka kamu da matsalar rashin hangen nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40.

Wannan ya kawo ni ga abin da babu shi sam a cikin saƙonki. Barci, kallo, karatu, duka uku a kwance ko a zaune ake yin su, a cikin ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla awa guda a rana yana motsi har numfashinsa ya ɗaga. Ƙwallo a layi, langa, keke, 'yar gala-gala, ɗiban ruwa, duk sun shiga. In kuna da 'yan uwa a ƙauye, mako guda a can lokacin da gero ke fitar da kai ya fi lesin ɗin wata. Yaron Kano da bai taɓa bambance dawa da gero a gona ba akwai abin da ya rasa wanda ba a jarrabawa a kansa. In babansu ɗan kasuwa ne, ya riƙa tafiya da yaron wasu ranaku. Ita ma babbar in tana sha'awar ɗinki ko girki ko kwamfuta, yammacin hutu ya ishe ta farawa.

Sannan ki duba da kyau ko ita babbar hutun take yi da gaske. A gidaje da yawa in aka ce yara suna hutu, namijin ne ke hutu. Macen ta karɓi shara da wanke-wanke da rainon auta, in ta zauna kallo da yamma a ce ba ta da aiki sai kallo. Ɗan shekara 10 ya isa ya wanke kwanonsa da kayansa, ya share tsakar gida, ya je cefane. In aka raba aikin, awa biyun da na ce ta yi karatu za su samu ba tare da ta yi su da gyangyaɗi ba.

In saura kwana goma a koma, ki fara jawo lokacin tashi baya da minti 15 ko 20 kowace safiya, a kuma kashe talabijin awa guda kafin kwanciya, don ranar farko kada a yi ta da kuka. A makon nan ne kuma za ki sake zaunar da ɗan naki da wani shafin da bai taɓa gani ba, irin na farkon, ki ji yadda bakinsa yake tafiya yanzu. In kin ga bai motsa ba duk da an yi ta ƙoƙari, kada ki jira sakamakon zangon farko. Ki je da kanki ki sami malamin ajinsa a makon farko, ki gaya masa abin da kika ji da kunnenki, ku kuma sa a duba ido da kunnen yaron. Ki gaishe da maigida.